Fiton Shamsuddeen

Ni dai gyaran rediyo da talabijin na sani, kuma a layinmu na bayan kasuwar Kontagora babu wanda ya riga ni zama. Sunana Solomon. Gwaggo, tsohuwar da ke da jerin shagunan da ke kallon nawa, ba ta taɓa yarda da wannan suna ba. Sulaimanu take ce min har ta koma ga Allah, ni kuma ina amsawa, don musu da Gwaggo ɓata yawu ne.

A ɗaya daga cikin shagunanta Maikuɗi ya buɗe gidan gem. Mutum ne mai son ya riga kowa kawo sabon abu, ko da bai san amfaninsa ba. Wata shekara ya je Legas sayen kayan gwanjo, sai ga shi ya dawo da injin gem da faifansa, da wata jita ta roba mai maɓallai kala-kala a wuyanta. Babu tsirkiya ko ɗaya a jikinta. Daga baya na ji cewa a can ƙasar da aka ƙera su yayinsu ne ya wuce, mutane suka gaji suka zubar, shi ya sa suka iso mana da arha. Wato abin da ya mutu a can ne ya zo nan ya fara rayuwa.

Ni ya kawo wa na gwada masa, da safe, kafin layin ya cika. Wasan ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Waƙa tana tashi, launuka suna gangarowa a allon talabijin, kore, ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, kai kuma kana danna maɓallin da ya yi daidai a lokacin da ya yi daidai. In ka yi ta kuskure, wasan ya kore ka tun waƙar ba ta ƙare ba. Waƙoƙin kuwa, kai! Ihu ne da ƙarar ƙarfe, sai ka ce ana yanka langa-langa. Na ce masa, "Maikuɗi, wannan za ka kai ƙofar gidan Gwaggo?"

Ya ce, "Bar ni da ita."

Bai iya da ita ba. Shagunan nan daga zauren mijinta aka fitar da su, kuma marigayin malami ne, a wurin ya yi shekaru yana ba da karatu. Gwaggo ta ce inda aka yi karatu ba za a yi kiɗa ba, ko ya yarda ko ya kwashe tarkacensa. Maikuɗi ya ce zai zare wayar sauti. Ta ce abin da aka zare ai ana mayarwa. Ta aiko aka kira ni, ta tsaya a kaina da sandarta har na buɗe bayan talabijin ɗin na ciro lasifikarsa na miƙa mata. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Wannan ce mai surutun?" Na ce ita ce. Ta ƙulle ta a gefen zane ta shige gida.

Haka aka fara wasan kiɗa ba kiɗa. Na ɗauka ba zai yi sati ba, ashe ban san matasan garin nan ba. Kafin wata ya zagayo, layi har bakin kwata. 'Yan makaranta, 'yan acaɓa, masu dako daga kasuwar hatsi, har wani ma'aikacin banki mai ɗaura igiya a wuya da ke zuwa bayan la'asar yana waige-waige. In ka tsaya a ƙofa ba ka jin komai sai ƙas-ƙas-ƙas na maɓallai da gurnanin janareto, sai kuma ihun 'yan kallo in wani ya faɗi. Maikuɗi ya roƙe ni, duk ranar da injin ya zo gyara kada in bari ko mutum ɗaya ya ji sautin, don in suka ji za su tayar masa da rigima da Gwaggo. Da abin sawa a kunne nake gwadawa. Saboda haka duk layin, ban da Maikuɗi, ni kaɗai na san abin da ke cikin faifan, kuma ban ga wani abin alfahari a ciki ba.

Tun da ba sa jin waƙoƙin, sunayensu na Turanci ma ba su dame su ba. Suka raɗa nasu. Akwai Ruwan Agusta, wadda launukanta ke zubowa ba tsayawa. Akwai Tsohuwa Ta Gaji, mai tafiya a hankali. Akwai kuma wadda ta gagari kowa, mai tafiya lafiya lau sai ta jefa ka rami ba zato, ita suka sa wa Hanyar Dukku.

Mutum ɗaya ne ke kai Hanyar Dukku ƙarshe a duk lokacin da ya ga dama, Shamsuddeen. Dogo ne siriri, yana aikin ɗinki a shagon wani, ga baki kamar me. Kullum tare suke zuwa da ƙanensa Muntasir. Shi Muntasir ba laifi, ya iya, shi ne na biyu a layin, amma a wurinsa duk abin da ya fito daga bakin Yaya Shamsu an gama magana.

Wata Sallah Shamsuddeen ya je Kaduna wurin kawunsu. Da ya dawo sai ya ce a can ya shiga wani gidan gem da ba a cire lasifika ba, ya ji Hanyar Dukku da kunnensa, tun daga farko har ƙarshe. Aka yi masa caa, yaya take? Ya ɗauki jita, ya sa waƙar, ya tsuke baki ya fara fito.

Ina zaune a shagona na ajiye abin da nake yi. Fiton yana hawa daidai inda launuka ke hawa, yana sauka inda suke sauka, inda ramin nan yake kuwa sai ya yi wani lanƙwasa mai sanyi ya fito ta ɗaya gefen. Mahaifiyarsu Bafulatana ce daga rugagen wajen Sahon Rami, kuma ni a kunnena akwai sarewar makiyaya a ciki. Ko kusa bai yi kama da abin da ke cikin faifan ba. Ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba, wannan kam zan faɗa. Amma ba shi ba ne, kuma ban ce uffan ba, don ba a tambaye ni ba.

Gwaggo ta leƙo ta ce fito rashin kunya ne. Maikuɗi ya ce amma ba ya cikin sharaɗi. Ta yi tsaki ta koma.

Daga ranar duk wanda zai buga Hanyar Dukku sai ya nemi Shamsuddeen ya tsaya a bayansa yana fito. Wasu sun koyi farkon, amma ɓangaren ƙarshe, inda ja da shuɗi ke zuwa tare, shi kaɗai ke iya shi, don shi kaɗai ke yawan kaiwa can.

Abin ya yi shekaru yana ci, sannan ya fara sanyi. Ba wani abu ne ya faru ba. Wani ya buɗe gidan kallon ƙwallo a bakin titi, Maikuɗi da kansa ya kawo gem ɗin ƙwallo wanda mutum biyu ke bugawa suna zagin juna, wayoyi masu shafawa suka cika gari. Maɓallan jitar suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu inda ake sayar da su, ina ta cusa musu na tsofaffin rediyo. Sabon faifai bai sake zuwa ba. Wata rana dai na ga jitar rataye a ƙusa, an ɗora mata hular wani. A cikin waɗannan shekaru ciwon hanta ya kwantar da Shamsuddeen, bai tashi ba. Gwaggo ma ta bi. Shagon yanzu wurin cajin waya ne da cire kuɗi, Maikuɗi kuma ya koma sayar da kayan sola. Abin da ya rage na wasan, in ka ga yara suna dangwalar allon waya da sauri-sauri ana musu kiɗa, to jikansa ne, su ba su ma sani ba. Sai kuma wasu magidanta a garin nan da za ka ga yatsunsu na hagu suna rawa a hannun babur in suna jiran hanya.

Bara, bayan an fara girbin masara, Muntasir ya tsayar da babur a ƙofar shagona. Ya yi jiki, ya tara gemu, hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye irin su Beri yana kawowa gari. Ya sauke wani buhu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ya buɗe, sai ga injin da jitar, duk ƙura da kashin ɓera. A ɗakin ajiyar Maikuɗi ya tono su.

Ya ce, "Oga Solomon, so nake ka tayar min da wannan. Da sauti."

Na ce, "Lafiya?"

Ya zauna a benci. Matarsa ta haihu, in ji shi, mace, an sa mata Khairat. Rannan tana kuka ya ɗauke ta ya fara yi mata fiton Yaya Shamsu, ta yi shiru tana kallon bakinsa. Ya zo tsakiya sai abin ya tsaya. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa a wurin. Ƙarshen ya tafi, bai san yaushe ba. Ya je wurin Nuru da Zaidu, tsofaffin abokan wasan, kowa ya busa masa wani shirme daban, har suka kusa yin faɗa a kan wane ne daidai. A waya kuma bai san sunan da zai nema ba.

Ya ce, "Hotonsa ina da shi. Rigunansa an rabar. Wannan fiton ne kawai in na yi nake jin kamar yana bayana, kuma ga shi rabi ya rage. Ina tsoron kada wata rana in tashi rabin ma babu. Amma tun da waƙar tana cikin faifan nan, sau ɗaya in ji ta ya ishe ni."

Ba na son shiga abin da ba gyara ba. Amma wannan da gani ka san inda za shi. Na ce, "Muntasir, abin da kake nema ba ya cikin faifan nan."

"Kamar yaya?"

"Na sha jin waƙar. Duk gyaran da na yi da ita nake gwadawa. Ba ita ce yayanka ke busawa ba."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Oga, wato ƙarya Yaya ya yi mana?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Mutum yana kwance a kabari."

Na ce, "Allah Ya ji ƙansa. Ni abin da kunnena ya ji na faɗa."

Ya ce watakila wata waƙar na ji na ɗauka ita ce, shekaru sun yi yawa, kuma ni ba ɗan wasan ba ne. To, da gaskiyarsa ta nan, ban taɓa kai ko Tsohuwa Ta Gaji ƙarshe ba. Na ce ya bar kayan ya dawo ranar da ba shi da kasuwa.

Aikin ya ba ni wuya. Idon injin mai karanta faifai ya dushe, na goge na daidaita, na sauya wayoyin da ɓera ya ci, na ɗiga wa maɓallan sabuwar dalma. Faifan ya karce amma ya karanta. Na sa abin kunne na saurari Hanyar Dukku, ko da a ce ni ne na ruɗe. Ban ruɗe ba. Ihun nan ne dai da yankan langa-langa, da wani zagaye na jita da ke maimaita kansa yana maimaitawa, irin wanda in ya shiga kai sai ya kwana uku bai fita ba.

Da ya dawo, da hantsi, na haɗa injin da talabijin amma na bar wayar sauti a hannuna. Na ce, "Ga shawara, kyauta. Buga ta yadda kuka saba, shiru. Kai ne ka manta, watakila yatsunka ba su manta ba."

Ya harare ni, amma ya rataya jitar. Ta yi masa ƙarama yanzu, ta hau kan tumbi. Launuka suka fara gangarowa, ya tsuke baki, sai ga fiton. Ban ji shi ba tun rasuwar mai shi. Yatsunsa sun yi nauyi, buhu ya cinye su, yana ta kuskure. Ya wuce ramin farko da ƙyar. Ya zo tsakiyar nan da ke tsaya masa, sai na ji fiton ya ɗan zarce, ya ƙara gaba kaɗan, wani lanƙwasa da bai zo da shi ba. Shi ma ya ji. Idonsa ya buɗe. Kafin ya kama na gaba, wasan ya kore shi.

Ya sake, aka kore shi a wurin. Ya sake, aka kore shi tun kafin wurin.

Na ce, "Ka gani? Yana zuwa. Bar injin a nan, duk ranar da ka samu sarari ka zo ka buga. Kafin sanyi ya shigo hannunka zai dawo, ka kai ƙarshe, shi ma ya biyo ka."

Ya ce, "Oga, ina na ga wannan lokacin? Kaka ce. Gobe Beri, jibi wani wuri. Ga abu a hannunka, ka sa min in ji kawai. In kunnena yana ji, yatsuna za su bi."

"In ka ji ba za ka iya mayar da shi ba."

"Haba Oga! Waƙar yayana ce fa."

Na sake faɗa masa, a fili, cewa ba ita ba ce. Ya ce in ba zan sa ba ya ɗauka ya kai wa wani, masu gyara sun cika gari. Gaskiya ne, sun cika, ko da rabinsu ba su san bambancin fis ɗin wuta da ƙusa ba. Injinsa ne, kunnensa ne. Na cusa wayar.

Ƙarar ta cika shagon har mai shayin kusa da ni ya leƙo. Muntasir ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. Na ɗauka zai ajiye jitar, na ma miƙa hannu zan zare wayar. Amma launuka sun riga sun fara saukowa, kuma yatsunsa suka tafi da kansu. Abin haushi, maganarsa ta fito: da sauti hannun ya dawo. Kowane maɓalli ya danna, jitar cikin faifan ta amsa masa daidai a wurin, abin da bai taɓa ji ba a duk shekarun da ya yi yana wasan. Ya wuce ramin farko ba kuskure. Ya wuce tsakiya. Ja da shuɗi suka zo tare, ya bi su, bakinsa a buɗe, ba fito ba komai. Ya kai ƙarshe, allon ya cika da taurari, mutanen zane na cikin wasan suna ta tafi.

Na kashe. Ya daɗe a tsaye da jitar a wuya.

Can ya ce, a hankali, "Ko wuri ɗaya babu kama da na Yaya."

Na ce babu.

"To a Kaduna me ya ji?"

Na ce ban je Kaduna da shi ba.

Ya zauna. Ya shafa gemu, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ashe tasa ce. Shi ya yi ta da kansa. Shegen baki, ya bar mu muna yabon Turawa." Ya goge ido da hannun riga. "Da ya faɗa ai da mun ɗauka a waya."

Sai ya tsuke baki zai yi farkon, wanda bai taɓa ɓace masa ba. Ya fara daidai. Bai yi nisa ba ya zame ya faɗa zagayen nan na cikin faifan. Ya tsaya, ya girgiza kai, ya sake. Ya sake zamewa a wuri guda. Karo na gaba ko farkon bai fito daidai ba.

Ya juyo ya ce, "Oga, kai fa? Shekara da shekaru kana ji daga nan. Yi min ko kaɗan."

In na ji shi zan gane shi a cikin dubu. Amma ni ban iya fito ba, kuma kunnena na gane abin da ya lalace ne, ba na riƙe waƙa ba. Na gwada da hanci, abin da ya fito ko ni ban san mene ne ba. Na ce ya je gida ya huta, watakila in ƙarar ta fita daga kansa nasa zai dawo. Ya ce to. Ya cire jitar ya jingine ta a bango, ya ce in riƙe kayan, zai zo. Bai zo ba, ni kuma ban aika ba.

Bayan an gama kaka, wata ranar kasuwa, ya wuce ta gaban shagona a kan babur, buhu biyu a baya, cunkoso ya tsayar da shi daidai ƙofata. Bai gan ni ba. Hankalinsa na kan motar da ta tare hanya, yana fito abinsa ba tare da ya san yana yi ba, tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Waƙar cikin faifan ce. Na bar shi har hanya ta buɗe ya wuce.